Cutar da ba ta barin tabo a jiki: darasi a kan gori, zagi da wulaƙanci



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karon ya shafi wani zalunci da ya yawaita a gidajenmu, amma ba mu ɗauke shi zalunci ba, domin ba ya zubar da jini. Shi ne cutar da zuciyar mutum ta hanyar zagi, gori, laƙabin banza, tsoratarwa, ƙauracewa da kunyatarwa a gaban jama'a. Miji yana yi wa matarsa, uwa tana yi wa ɗan kishiya, malami yana yi wa almajiri, maigida yana yi wa yaronsa.

Shari'a ba ta yi shiru ba. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurati ta hana izgili da aibata juna da jifa da miyagun laƙubba. Aya ta 264 cikin Baƙara ta nuna cewa gori yana ɓata ladan sadaka, aya ta 231 kuma ta hana riƙe mace don a cutar da ita. Bukhari ya ruwaito cewa da Abu Zarri ya aibata wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya faɗa masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Anas ɗan Maliku ya yi masa hidima shekara 10, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Dardiri cikin sharhin Muhtasar ya lissafa zagin mace da zagin ubanta da ƙaurace mata ba da dalili ba cikin cutarwar da take ba ta damar neman alƙali ya raba aure.

To mene ne wannan cuta take yi wa mutum? Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani cikin Muƙaddima cewa yaron da aka rena da tsanani da tilasci zuciyarsa takan ƙuntata, nishaɗinsa ya tafi, ya koyi kasala da ƙarya da makirci don ya tsira daga hannun mai ƙuntata masa, har su zame masa ɗabi'a. Wanda kullum ake ce masa wawa, a ƙarshe yakan gaskata. Sai mu gan shi ba ya iya yanke shawara, ba ya amince wa kowa, yana ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Wani kuma zuciyarsa ta bushe, ya girma yana rama abin da aka yi masa a kan iyalinsa.

Likitocin zamani sun tabbatar da haka. Daga 1995 zuwa 1997 an yi bincike a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a kan mutum fiye da 17,000, aka tarar cewa gwargwadon yawan cutarwar da mutum ya sha a ƙuruciya, har da ta baki, gwargwadon haɗarin da yake ciki na ciwon baƙin ciki, shaye-shaye, yunƙurin kashe kai da ciwon zuciya. Dalili kuwa, wanda yake zaune cikin tsoro jikinsa ba ya daina fitar da sinadaran firgita, sai barci ya ƙaurace masa, zuciya ta riƙa bugawa, hadda ta ƙi zama. Sau da yawa mukan ce aljanu ne ko sammu, alhali harshen wani ne a cikin gida.

Mafita ita ce, da farko, mai cutarwa ya tuba ya nemi gafarar wanda ya cuta, ya tuna hadisin Muslim a kan matsiyacin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi, a rarraba ladansa ga waɗanda ya zaga. Na biyu, iyaye da waliyyai su daina mayar da ɗiyarsu da kalmar haƙuri kawai ba tare da sauraren kukanta ba. Aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni da a tsayar da mai sulhu daga dangin kowanensu. Na uku, wanda barci da abinci suka gagare shi, ko ya fara zancen mutuwa, a haɗa masa addu'a da zuwa asibiti ba da jinkiri ba. Neman magani sunna ce, babu abin kunya a cikinsa.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Kafin mu buɗe baki ga waɗanda Allah ya sanya ƙarƙashinmu, mu tuna amana ce za a tambaye mu a kanta. Allah ya tsare mana harsunanmu, ya warkar da zukatan da aka raunana, ya sanya rahama a gidajenmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.