Kwalba, Ƙwarya da Abin da Ke Cikinsu: Nazarin Wasu Kalmomin Sha a Hausar Abuja

Gabatarwa

Hausa ba harshena na gado ba ne, a makaranta da kasuwa na koye ta. A shekarata ta farko a Gwagwalada na taɓa gaya wa wani abokina cewa zan je wurin "mashayi" in karya kumallo. Dariyar da ya yi ta sa na gane cewa tsakanin mai shayi da mashayi akwai tafiya mai nisa: na farko shayi da burodi yake sayarwa, na biyu kuwa mutum ne da giya ta kama. Wannan kuskure shi ya haifi wannan maƙala, wadda za ta dubi sunayen mazuban abin sha da na barasa kamar yadda ake jin su yau da kullum a Abuja.

Aikatau "sha"

Daga "sha" matsalar take farawa. Idan aka ambaci abin da ake sha, babu laifi: ya sha ruwa, ta sha kunu. Amma idan aka bar aikatau shi kaɗai aka ce "wane yana sha", to mai sauraro giya zai fahimta. Haka "shaye-shaye" ba ya nufin yawan shan fura, kayan maye yake nufi. "Mashaya" a ƙauye wurin da dabbobi ke shan ruwa ne, a birni kuwa gidan giya. Tsarin kalmar ɗaya ne da na "majema" da "marina", wato ma- ta wuri, muhalli ne kawai ya raba ma'anonin.

Sunayen barasa

"Giya" ita ce kalma gama-gari, ta haɗa ta gargajiya da ta kamfani. "Barasa" ta fi fitowa a labaran rediyo da bakin hukuma, kuma takan karkata ga mai ƙarfi. Burkutu daga dawa ake yi: a jiƙa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ruwan ya kwana ya yi tsami. Fito ɗan uwan burkutu ne, sai dai bai kai shi kauri ba. Bammi ruwan bishiyar kwakwar manja ne ko na tukurwa, kuma idan aka turara shi aka tace sai a sami ogogoro, sunan da Hausa ta aro daga kudu yadda yake. A Abuja ana jin waɗannan sunaye a fili fiye da Gusau ko Kano, domin dokar hana sayar da giya da ta zo da shari'ar Musulunci, wadda Zamfara ta fara ƙaddamarwa a 1999, ba ta shafi Babban Birnin Tarayya ba.

Wanda ya sha da yawa ana cewa ya bugu, ya yi tatul, ko ya yi mankas. Har a siyasa kalmar ta shiga: shugaban da ya manta da talakawa "giyar mulki" ce ta ɗebe shi.

Mazubai

A nan ne nake ganin ɗalibi ya fi buƙatar natsuwa. Randa a ajiye take a gida, tulu kuwa da shi ake zuwa ɗibar ruwa. Moɗa da ita ake kamfata daga randa. Ƙwarya da ƙoƙo da gora da ludayi duk daga duma suke, girma da siffa suka bambanta su. Duk mai son ganin irin aikin tukwanen wannan yanki ya dubi bayan takardar naira 20: hoton Ladi Kwali ne, Bagwariya daga Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta rasu a 1984. Manyan tulunanta na ruwa su suka fitar da sunanta har Ingila.

Na zamani su ne kwalba da gwangwani da kofi da tambulan da jarka da filas, huɗun ƙarshe daga Ingilishi aka aro su. Jam'insu kan ba mu wahala: kwalabe, gwangwanaye, kofuna, jarkoki.

Abin lura shi ne mazubi kan tsaya a madadin abin da ke cikinsa. "Lemon kwalba" ba komai ba ne illa su Fanta da Coca-Cola, an ƙara "kwalba" ne domin a raba shi da lemon da ake ɓarewa. Amma a ce "ya shanye kwalba uku" ba tare da ambaton lemo ba, sai a fara kallon juna. Ƙwarya ma haka: a hannun Bafulatana a kasuwar Gwagwalada fura da nono ce, a rumfar mai burkutu kuwa ita ce ma'aunin da ake biyan kuɗi a kai. Shi ya sa yanzu idan na je wurin mai shayi nakan cika jimlata: "Malam, a ba ni shayi kofi ɗaya."