Amana da Lamuni a Rayuwar Wanda Ya Gama Zaman Gidan Yari: Nazarin Matsalar Neman Sana'a a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da mutumin da ya gama wa'adin ɗauri yake shiga idan ya fito neman abin yi a ƙasar Hausa ta Nijeriya. An yi nazarin sunayen wurin ɗauri a Hausa, da tanade-tanaden Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, da tsarin ubangida da yaro a kasuwanni, da kuma wasu karin magana. Maƙalar ta nuna cewa babbar asarar da ɗauri yake jawo wa mutum ita ce ta amana, kuma sana'ar da ya koyo ba ta amfanarsa sosai sai ya sami wanda zai tsaya masa.

1.0 Gabatarwa

A idon doka, hukunci yana ƙarewa ranar da aka sallami ɗaurarre. A unguwa da kasuwa kuwa, a ranar ce ake fara tambayar ko za a iya ba shi ajiya, ko a bar masa shago, ko a ba shi aure. Amsar da jama'a suka bayar ita ce take yanke makomarsa, domin wanda aka rufe wa ƙofofin halal yana cikin haɗarin komawa ga abin da ya kai shi ɗaurin farko. Manufar wannan maƙala ita ce gano inda cikas ɗin yake a tsarin zamantakewar Hausawa, da kuma abin da al'adar ta tanada don kawar da shi.

2.0 Daga Gidan Yari zuwa Gidan Gyaran Hali

Yari sarauta ce ta gargajiya, a da mai riƙe da ita shi ne yake tsare waɗanda sarki ko alƙali ya ɗaure, daga nan aka sami "gidan yari". A zamanin mulkin mallaka gidajen yari na masarautu sun ci gaba da zama a hannun hukumomin En'e, har zuwa 1968 lokacin da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. Akwai kuma "kurkuku" da "gidan sarƙa" da "gidan kaso", wanda aka fi ji a bakin Hausawan Nijar, sai "gidan maza" da ake faɗa don sakayawa. Kalmar "fursuna" aro ce daga Ingilishi, kuma ana amfani da ita ga mutumin da wurin baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, waɗannan sunaye suna nuni ne ga tsaro da wahala da juriya, babu wanda ya yi maganar abin da mutum zai zama bayan ya fito.

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta sauya sunan hukumar, kafofin watsa labarai na Hausa suka fara cewa "gidan gyaran hali". Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: tsare masu laifi, da kula da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin hidimtawa al'umma da sakin talala. Sashe na 14 ya tanadi ilimi da koyon sana'a ga ɗaurarru, ya kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya cancanta, tare da hana nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Jami'ar Karatu daga Gida ta Nijeriya ma tana da cibiyoyi a gidajen gyaran hali irin su Kuje da Kirikiri, inda ɗaurarru suke karatun digiri kyauta.

3.0 Tabon Ɗauri a Takarda da a Baki

Goffman (1963) ya bayyana tabo a matsayin siffar da take zubar da ƙimar mutum gaba ɗaya a idon jama'a. Pager (2003) ta gwada tasirinsa a birnin Milwaukee na Amurka, inda ta tura matasa masu takardu iri ɗaya neman aiki. A cikin farar fata, kashi 34 cikin ɗari na waɗanda ba su da tarihin ɗauri aka sake kira, masu tarihin kuwa kashi 17. A cikin baƙar fata adadin ya sauko daga kashi 14 zuwa 5. A can, tabon yana tafiya ne a rubuce, ta fom ɗin neman aiki.

Nijeriya ma tana da irin wannan shinge na takarda. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya ba su yarda a ɗauki wanda kotu ta taɓa samu da laifi ba sai da amincewar hukumar ɗaukar ma'aikata. Sashe na 66 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana wanda aka ɗaure kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar Majalisar Tarayya har sai an shekara goma. Sai dai mafi yawan Hausawa ba ta fom suke samun abin yi ba. Yaron shago da ɗan dako da mai koyon kafinta, duk da baki ake ɗaukarsu, kuma da baki labarinsu yake riga su isa wurin. Tabon da yake a bakin mutane ba shi da wa'adi, kuma ba ya rarrabe wanda aka yanke wa hukunci da wanda aka tsare yana jiran shari'a, alhali masu jiran shari'a su ne kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran halin Nijeriya. Da zarar an ce wane "ya taɓa zaman gidan yari", ba kasafai ake tambayar yadda shari'ar ta ƙare ba.

4.0 Amana a Matsayin Jari

Kirk-Greene (1974) ya kawo siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, daga cikinsu akwai gaskiya da amana da kunya da mutunci. A kasuwa, amana ta wuce kyakkyawar ɗabi'a kawai, ita ce jarin wanda ba shi da jari. Cohen (1969) ya nuna haka a Sabon Ibadan, inda fataken shanu na Arewa suke sayar wa mahauta Yarbawa dabbobi bashi, maigida ne yake ɗaukar lamuni, idan mahauci ya gaza biya shi zai biya.

Wannan tsari yana nan a raye. A Kantin Kwari da Dawanau a Kano, yaro yakan shekara da shekaru yana tsaron shagon ubangidansa kafin a ba shi kaya bashi ya buɗe nasa. Mai A Daidaita Sahu ba ya miƙa wa direba makulli sai wani sananne ya tsaya masa. Uwar adashi ba ta sa wanda take shakkar zubinsa. A ɗauki misalin matashin da ya koyi ɗinki a Kurmawa ya fito da takardar shaida. Yana bukatar keken ɗinki, da gurbi a shagon wani, da masu yarda su bar masa shaddarsu ta Sallah har mako biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar wani ya ce, "Na san shi, idan ya ci, ni zan biya." Takardar hukuma tana shaidar halinsa a wurin da ake tsaronsa dare da rana, mai shago kuwa yana son sanin abin da zai yi idan babu mai kallonsa.

5.0 Muryoyi Biyu a Karin Magana

Karin maganar Hausa ba ta tsaya a kan ra'ayi ɗaya game da sauyin hali ba. Akwai masu yanke ƙauna, kamar "Hali zanen dutse" da "Mai hali ba ya fasa halinsa". Ana kuma kare mai gudun tsohon ɗaurarre da cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ɗaya ɓangaren akwai "Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba" da "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar". Rukuni na farko mai dukiya ne ya fi kawo shi idan zai ba da ajiya, na biyu kuwa dangi ne suke kawo shi idan nasu ya faɗi.

Braithwaite (1989) ya rarrabe kunyatarwa iri biyu: wadda take korar mai laifi daga jama'a har abada, da wadda take tsine wa laifin sannan ta karɓi mai shi. Ya nuna cewa ta farko tana tura mutum cikin ƙungiyar masu laifi, domin su kaɗai ne ba sa yi masa gori. Rukunin karin magana na biyu, tare da matsayin tuba a tunanin Musulmi Bahaushe, hujja ne cewa al'adar tana da iri na biyu tun kafin a sa masa suna.

6.0 Dawowar Ƙwarin Gwiwa

Mutumin da ya shekara ana faɗa masa lokacin tashi da na kwanciya yakan fito yana shakkar kansa. Kunya takan hana shi zama a majalisa ko zuwa ɗaurin aure, wannan janyewa kuma takan raba shi da wuraren da ake jin labarin aiki. Tunda mutuncin Bahaushe jama'a ne suke ba shi, ƙwarin gwiwarsa ma daga wurinsu yake dawowa, ta ƙananan amanoni masu ƙaruwa: yau a aike shi da kuɗin cefane, gobe a bar masa shago lokacin sallar Azahar, bayan watanni a tura shi karɓo bashi. Duk amanar da ya sauke tana zama hujja ga ubangidansa, tana kuma zama hujja gare shi cewa hannunsa yana iya riƙe na wani.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dokar 2019 ta sauya suna ta kuma tanadi horo, amma ƙofar sana'a a ƙasar Hausa lamuni ne yake buɗe ta. Gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa gidajen gyaran hali nasu, wanda ya sa jihohin Arewa suna iya tsara shirin da ya dace da al'adarsu. Ana ba da shawarar a haɗa kowane mai shirin fita da ubangidan sana'a tun kafin sallama, ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni da limamai, a kuma kafa asusun da zai biya ubangida idan an yi asara, domin kada nauyin lamunin ya faɗa kan mutum ɗaya. Manazarta Hausa kuma suna da aikin tattara labaran waɗanda suka fito daga bakinsu, musamman mata, waɗanda tabon yakan shafi aurensu da riƙon 'ya'yansu.