Askin Ruwa da Reza: Darasin Wanzami ga Ɗalibi Mai Ƙaramin Aljihu

Duk wanda ya kai tsakiyar semesta ya san yadda lissafi ke ƙin fita: ga kuɗin handawut, ga abinci, ga data, sannan ga aski duk mako. In kuma babu wuta, mai shago ya tayar da janareta, to kuɗin man fetur a kanka zai fita. Shi ya sa nake so mu koyi askin da ba ya bukatar wuta, wato askin ruwa, sabulu da reza.

Ni ɗan Yankwashi ne, kuma a wajenmu, kamar Roni da Gwiwa da Babura, wannan ba baƙon abu ba ne. Kusan kowannenmu askinsa na farko wanzami ne ya yi masa ranar suna, yana ɗan kwana bakwai. Ka lura da wanzami in ya buɗe zabira: sai ya jiƙa gashi sosai, ya wasa askarsa, ya ja fata da yatsu, sannan ya bi kwanciyar gashi a hankali. Duk ilimin yana cikin waɗannan huɗun. Abin da za mu sauya kawai shi ne askar, domin riƙe ta sai ɗan gado.

Kayan da za ka tanada

Na farko, mariƙin reza na ƙarfe, irin wanda ake murɗe shi a sa reza mai baki biyu a ciki. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, shi ya yi rajistar irinsa a 1904, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. Sau ɗaya za ka saya, zai iya raka ka har ka gama HND. Ka tambaya a kasuwar Kazaure, ko ka ba mai zuwa Kano saƙo. Kada ka riƙe reza tsirara a hannu kamar yadda wasu ke yi a hostel.

Na biyu, reza irin su Tiger da ake samu a kusan kowane kanti. Ɗaya takan yi aski uku zuwa biyar, gwargwadon kaurin gashinka. Na uku, sabulu mai kumfa. Sabulun salo ya isa in bai dame fatarka ba. Burushi yana taimakawa, amma tafin hannu ma yana tayar da kumfa. Sai ɗan guntun alimun, wanda wasu ke kira alif, wannan dai da ake tace ruwa da shi. Sai man kaɗanya, madubi da tawul naka na kanka.

Yadda ake yi

In gashin ya yi tsawo, fara rage shi da almakashi. Sannan ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, ko ka yi askin da zarar ka fito daga wanka. Gashin da ya sha ruwa yana laushi, reza ta yanke shi ba tare da fizga ba. Nan ne yawanci ake yin gaggawa, kuma nan ne zafin aski ke farawa.

Ka shafa kumfa mai kauri. Ka shafa yatsa a fuskarka ka gane inda gashin ya kwanta, domin a wuya yakan juya wani ɓangaren daban. Ka ɗora mariƙin a ɗan karkace, kamar digiri 30, ka ja gajere-gajere kana bin kwanciyar gashin. Kada ka danna, nauyin ƙarfen ya isa. Bayan ja biyu ko uku ka ɗauraye rezar. Kada ka koma inda kumfa ya ƙare sai ka sake shafawa.

Da ka gama, wanke da ruwan sanyi, ka jiƙa alimun ka goga a hankali. Zai yi ɗan raɗaɗi, amma yana tsayar da jinin ƙananan yanka. Bayan minti ɗaya ka wanke shi, ka shafa man kaɗanya kaɗan, musamman da hunturu lokacin da fata ke tsagewa. Ka kwance mariƙin ka shanya, kar ya yi tsatsa.

In kana ajiye gemu, darasin bai wuce ka ba: akwai wuya, gefen saje da hammata. Askin kai tal-kwabo kuwa ka bari sai hannunka ya faɗa, domin ƙeya ba ta ganuwa.

Maganar ƙuraje

Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa-ƙasa sosai, bakinsa yakan yi tsini ya lanƙwaso ya soki fata, sai ƙurji ya fito. Saboda haka kada ka nemi santsi irin na talla. Kada ka yi wa gashi aski ta baya, kuma kada ka ja fatar da ƙarfi. In ƙuraje sun fito, ka dakata da aski na makonni uku ko huɗu, kuma kada ka tsokale su da allura. Masu tauri da ke fitowa a ƙeya kuwa, kada reza ta hau su, ka je asibitin makaranta.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci

Ɗan'uwa, ko ka manta komai, riƙe wannan: reza ba a aronta. A hostel muna aron bokiti, muna aron caja, amma ban da reza. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana bin jini, kuma tana iya rayuwa a kan ƙarfe har kwana bakwai, ko da ido bai ga jinin ba. Mai ɗauke da ita yakan yi shekaru garau bai sani ba, alhali hantarsa na lalacewa. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai a Nijeriya, kuma ba kowane yaro aka kai ba. Ka je a gwada ka, in ba ka da ita ka karɓi allura uku.

Wannan doka ta shafi shagon aski da wanzami ma. In za ka je, tafi da sabuwar rezarka, ko ka sa a ɓare a gabanka. Babu raini a ciki, mai sana'ar kirki ba zai ji haushi ba. Tsohuwar reza kuma ka tara ta a gwangwani mai murfi, kar ta yanki masu shara ko almajiran da ke tsince-tsince.

Askinka na farko zai ci kamar minti ashirin, don haka kada ka gwada shi da safiyar jarrabawa, lokacin da aski ya zo gaban goshi. Fara da ranar Asabar, ba lakca, ba gaggawa. Kafin ƙarshen semesta hannu zai saba, kuɗin askin kuma ya koma na garin kwaki da suga. Allah Ya ba mu sa'a.