Amsoshin Tambayoyinku: Zuƙowa ko yawan megafiksel?

Tambaya: Da waya nake ɗaukar hotunan biki da suna. Yanzu na samu kyamara biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko megafiksel 20 ce, tana zuƙowa sau 5. Ta biyu megafiksel 16, tana zuƙowa sau 30. Ina son in ɗauki bikin Afan na Kagoro. Wacce zan saya?
Wani mai karatu, Kafanchan

Amsa: Ɗan'uwa, ni dai ta biyun zan nuna maka, in har lafiyarta ƙalau.

Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne na hoto. Masu wanke hoto mai kyau kan zuba ɗigo 300 a kowane inci. Hoton albam mai inci 4 da 6 ke nan megafiksel 2 da 'yan kai yake ci, na firam mai inci 8 da 10 kuwa 7 da ɗoriya. Ka ga 16 ta ishe ka har da rara. Tazarar 16 da 20 idon amarya ba zai gan ta ba, balle a WhatsApp da ke matse hoto kafin ya aika.

Zuƙowa ita ce inda ake yi wa mutane rufa-ido, kuma abin na damuna. Iri biyu ce. Akwai ta oftikal, wadda gilashin gaba ke fitowa ya jawo abin da ke nesa, ɗigo ko ɗaya bai ragu ba. Akwai ta dijital, wadda yanka ce kawai: kyamara ta gutsuri tsakiyar hoto ta buɗa shi. In ka zuƙo sau 2 da ita, rubu'in ɗigon ne ya rage, 20 ta koma 5. Ranar 1 ga Janairu, kana can bayan taro a Kagoro, maharba da masu rawa na wucewa, in ka nemi mai sau 5 ta kai inda mai sau 30 ke kaiwa, abin da zai saura bai fi rabin megafiksel da kaɗan ba. Fuskoki za su dagule. Don haka tambayi mai kaya: sau 30 ɗin nan oftikal ce? Yawanci a rubuce take a bakin gilashin.

Sai dai doguwar zuƙowa ma da nata. Tana ƙara girman rawar hannu, tana rage hasken da ke shiga. A fili da rana tsaka ba matsala, amma a ɗakin taro da dare gara ka tako kusa da ƙafarka. Duba ko tana da na'urar hana girgiza, ka nemi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ko mai araha ne. Hazon hunturu kuma ba kyamarar da ke ratsa shi. Dutsen Kagoro daga nesa fari-fari zai fito ko da Nikon P1000 mai sau 125 ka riƙe.

Kafin ka biya, fita da ita waje. Zuƙo allon wani shago har ƙarshe, ka buɗe hoton a kwamfuta ka ga ko rubutun na karantuwa. Ka saurari gilashin yana shiga yana fita. In yana ƙara ko sarƙewa, wataƙila ƙura ta riga ta shige shi, ka bar wa mai ita kayarsa.