Yadda za ki raya sunan ɗanki da ya rasu yana ƙarami

An yi sadakar uku, an watse, an naɗe tabarmi. Kowa ya ce miki "sai haƙuri", kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ba a cika gaya wa uwa ba shi ne, haƙuri bai hana ki tuna ɗanki ba. Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu bai kai shekara biyu ba, a shekara ta 10 bayan Hijira. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da za ta saɓa wa Allah. Ga abubuwan da za ki iya farawa tun gobe da safe.

1. Ki ambaci sunansa. In ɗan fari ne, wataƙila kunya ba ta taɓa barin ki kira shi da sunan yanka ba ko yana raye. To, ki kira shi a cikin addu'a, inda babu mai jin ki sai Mahaliccinsa. Bayan sallar asuba ki roƙi Allah Ya sa ya zama mai jiran ku a gaba, Ya sa ya cece ku. Alƙalami bai hau kansa ba, ba shi da zunubin da za ki nema masa gafara. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ɗansa ya rasu ya gode wa Allah ya yi istirja'i, ana gina masa gida a Aljanna mai suna Baitul Hamdi.

2. Kayansa, ki raba su biyu. Ki zaɓi kaɗan ki adana: riga ɗaya, allonsa, katin awo, takalmin sallah. Sauran ki wanke ki bai wa yaran da ke buƙata, amma can nesa da gida. Ganin rigarsa a jikin ɗan maƙwabta kullum ba ƙaramin abu ba ne. Kuma kada wata gwaggo ta matsa miki ki kwashe komai a mako guda. Ke za ki sa rana.

3. Hotuna da muryarsa da ke cikin waya, ki tura su imel ko ki kwafe a wani wurin daban, yau ɗin nan. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

4. Sadakar ruwa. Da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ruwa aka nuna masa, sai ya haƙa rijiya. Nan ne mutane da yawa suke maƙalewa: sai su ce sai sun tara kuɗin burtsatse, shekaru su wuce ba a yi komai ba. Ki fara da randa a ƙofar gida ko a bakin makarantar allo, da moɗa mai tsabta, a riƙa cika ta kullum, musamman a watannin bazara. In famfon unguwa ya lalace, gyaransa ya fi haƙa sabo sauƙi nesa ba kusa ba. In Allah Ya hore daga baya, a yi rijiyar.

5. Ki dasa itace. Darbejiya don inuwa, mangwaro ko gwaiba don 'ya'ya, zogale in wurin ƙarami ne. Ki jira damina ta kankama, wajen Yuni ko Yuli, sannan ki kewaye dashen da ƙaya ko bulo, in ba haka ba awaki za su gama da shi kafin ya yi ganye biyar. Hadisi ya tabbatar da cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashe, sadaka ce ga mai shi.

6. Ki dubi abin da ya yi ajalinsa, ki tare wa wani yaro hanya. A ganina wannan ya fi kowace sadakar shinkafa. In zazzaɓin cizon sauro ne, ki saya wa maƙwabciya gidan sauro, ki kuma tabbata yaran gidanku 'yan wata 3 zuwa wata 59 sun sha maganin riga-kafin da ake bi gida-gida ana rabawa duk wata a damina. Yara da yawa jini ne ke ƙare musu a asibiti ana neman mai bayarwa, don haka maigida ko ƙannenki su je su ba da jini da niyyar sadaka. Namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata uku.

In kuwa wannan ba shi ne na farko ba, har an fara raɗa miki kalmar wabi, ku je ku yi gwajin jini ke da maigida. Idan dukkanku AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Jihar Kano ma ta mayar da wannan gwaji doka kafin aure a 2024. Sanin ba ya dawo da wanda ya tafi, amma yana canza yadda za a kula da na baya.

7. 'Yan'uwansa. Kada ki ce musu ya yi tafiya ko yana barci. Za su zauna jiran dawowarsa, wani ma ya fara tsoron kwanciya. Ki ce ya rasu, ya koma wurin Allah, kuma ba laifin kowa ba ne. Ki bar su su ba da labarinsa, har su yi dariya. In kin sake haihuwa kina son mayar da sunansa, babu laifi, amma sabon jaririn mutum ne daban, kada a riƙa auna shi da marigayi.

8. Kai kuma uba, kabarin yana wuyanka. Ka sa alama mai sauƙi, dutse ya isa, kamar yadda Annabi ya sa a kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Ba a gini a kai. Bayan ruwan Agusta kaburbura sukan rufta, ka je da shebur ka cike nasa da na kusa da shi. Ka tambayi masu haƙa abin da ya ƙare musu, itace ne ko tukwane ko diga. Da ka dawo ka gaya wa mahaifiyarsa yadda ka samu wurin, domin a yawancin garuruwanmu ba ta zuwa, kuma tana so ta ji.

9. In watanni sun shuɗe ba kya barci, ba kya cin abinci, ba kya iya kula da sauran yaran, ko kina jin gara ki bi shi, wannan ya zama ciwo, kuma yana da magani. Ki gaya wa wadda kika yarda da ita, ta raka ki asibiti gobe, ku nemi ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.