Abilene: Yadda Ƙauye Ya Zama Kara A Amurka

Lokacin da aka gama yaƙin basasar Amurka a shekarar 1865, jihar Texas tana cike da shanu amma babu masu saye. Saniyar da ba ta wuce dala 4 a can ba, tana iya kaiwa dala 40 a kasuwannin arewacin ƙasar. Abin da ya hana ciniki shi ne nisa, da kuma manoman Missouri da gabashin Kansas waɗanda suke tare burtali, domin kaskar da ke jikin shanun Texas tana ɗauke da cutar da ke kashe nasu.

Wani ɗan kasuwar dabbobi daga Illinois, Joseph McCoy, shi ne ya hango mafita. A 1867 ya zaɓi Abilene, wani ɗan ƙauye a Kansas mai 'yan bukkokin katako, wanda layin dogo ya iso. Akwai ciyawa da ruwa, kuma manoma ba su yi yawa ba tukuna. Ya sayi fili, ya kafa shinge da sikeli, ya gina wa fatake masauki, sa'an nan ya aika manzo kudu ya shaida wa masu garke cewa ga kasuwa ta samu. A watan Satumba taragu 20 na farko suka tashi zuwa Chicago, kuma kafin shekarar ta ƙare shanu kusan 35,000 sun iso ta burtalin da aka sani da Chisholm.

Abin lura ga mai harkar dillanci shi ne, McCoy bai dogara da ribar shanu kaɗai ba. Ya yi yarjejeniya da kamfanin jirgin ƙasa cewa za a riƙa ba shi la'ada a kan kowane tarago. Da ciniki ya bunƙasa sai kamfanin ya ƙi biya. Ya kai ƙara, ya kuma yi nasara, amma kafin kuɗin su fito jarinsa ya riga ya karye.

Garin ma bai daɗe yana cin moriyar ba. Shekarar 1871 ita ce mafi albarka, sai dai kafin nan manoma sun cika yankin, sun gaji da ɓarnar gonaki da rigimar makiyaya. A farkon 1872 suka fitar da sanarwa suna roƙon fatake su nemi wata kasuwa. Cinikin ya koma Ellsworth da Wichita, daga baya kuma Dodge City.