Shaidar da ke Wuyan Likitan Fiɗa

Ana tsakiyar damina aka kawo mana wata baiwar Allah daga wata ruga ta arewacin Dakoro, wajen Bermo, a cikinta na shida, bayan ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaka, an ɗura mata jiƙe-jiƙe iri-iri, sa'an nan wani mai yawo da jakar magani kasuwa-kasuwa, wanda bai taɓa zama gaban malamin likitanci ba, ya soka mata allurar ƙara naƙuda, alhali kuwa ɗan a gicciye yake. Da al'amari ya faskara aka aza ta bisa amalanken shanu, mai motar da suka tarar a hanya kuma ya ƙi tashi sai da aka sayar da akuya aka dire masa kuɗinsa. Ko da muka buɗe cikinta, mahaifa ta tsage har gefe, ɗan yana kwance tsakanin hanji babu rai. Muka nemi jini; mijin da ƙannensa suka sunkuyar da kai, wai wanda aka ɗebi jininsa ba zai yi noman bana ba. Kafin asuba ta cika. Allah Ya jiƙanta.

Dangi suka ce ƙaddara ce, mu ma mun yi imani da ƙaddara, amma sakaci yana da hisabinsa. Tun 2005, zamanin Tandja Mamadu, hukuma ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta haɗa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Sai dai wannan alheri bai shimfiɗa hanya ba, bai ajiye jini a firiji ba, kuɗin da baitulmali zai mayar wa asibitoci kuwa sukan daɗe ba su fito ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙayyade a 2015 cewa a iya kai mutum inda ake fiɗa cikin awa biyu. Wane Bafillacen Bermo ne ke samun haka?

Saboda haka nake ce wa ƴan'uwana likitoci, littafin da muke rubuta waɗanda suka cika a hannunmu shaida ce, ɓoye shaida kuwa zunubi ne. Wajibi ne mu ɗauke shi mu kai gaban magajin gari ranar da ake kasafin kuɗin gunduma, mu kai wa sarakuna da limaman Juma'a, mu kai wa ma'aikatar lafiya a Yamai, mu nemi asusun man motar ɗaukar marasa lafiya, ko da dala ashirin-ashirin ce, da hukunci a kan masu allurar kasuwa.

Ku kuma magidanta, naƙudar da ta wuni ta kwana ba ta ɗaka ba ce. Kada ku yarda a yi wa mai naƙuda allura a gida. Kada ku yarda! Idan aka ce jini, ku miƙa hannu, jiki yana mayar da shi cikin ƴan makonni.